Bindigata tana shurina, wane birkin baki zan saka mata?

Maharbin Texas:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Na sayi bindiga .300 Winchester Magnum saboda farautar elk (wata babbar dabbar daji mai kama da barewa) a Colorado, na zaɓi mara nauyi don hawan dutse, ko kilo 4 ba ta kai ba har da madubin saiti. Ranar Asabar na je filin gwaji, harsashi tara kacal na harba, kafaɗata ta yi tsami har sai da na kasa ɗaga buta. Abin da ya fi damuna, tun kafin in ja kunama na fara rintse ido ina ɗage kai, harbina a yadi 100 duk ya watse. Bakinta yana da tiredi na ɗaura abu, mai awon 5/8x24. Birkin baki, wato ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin bindiga don rage shuri, iri biyu na gani, mai huji zagaye da mai tagogi a gefe. Wanne zan ɗauka?

Tsohon Mafarauci:
Wa alaikumus salam ɗana. Ɗauki mai tagogin gefe. Mai huji zagaye har ƙasa yake fesa hayaƙi, in ka yi rub da ciki za ka harba, ƙura da tsakuwa su cika maka ido da madubi. Na gefen kuwa dole ya zauna daidai, tagogin dama da hagu, don haka nemi mai notin ɗaurewa, ba sai ka je wurin maƙerin bindiga ba. Ka tabbata na .30 ne, wato daidai da kaurin harsashinka. Hujin da ya matse wa harsashi haɗari ne.

Amma ka ji ni da kyau a kan kunne. Birki baya rage ƙara, juyo maka ita yake yi. Shekaru da suka wuce na harbi barewa da birki ba tare da na toshe kunne ba, harbi ɗaya tak. Har yau kunnena na hagu yana yi min kuka, musamman da dare in gida ya yi tsit, kuma jikokina sai sun zagayo dama suke min magana. A filin gwaji ka cusa abin toshewa, ka ɗora na rufewa a kai. A daji ma kada ka ce sauri kake yi.

Ɗan Minnesota:
Baba ya gama magana. Ƙari ɗaya: in ka ɗaura, sake saiti daga farko, don inda harsashi ke faɗuwa yakan sauya. Rintse idon kuma birki kaɗai ba zai cire shi ba. Koma kan ƙananan bindigogi marasa shuri sosai, .22 ko .223, ka yi ta harbi har hannunka ya natsu.

Maharbin Texas:
Na gode ƙwarai. Baba, Allah ya ba ka lafiya. Ɗana mai shekara 14 yakan tsaya gefena in zan harba, to shi fa?

Tsohon Mafarauci:
Gefen ne ya fi shan ƙarar. Ka mayar da shi bayanka sosai, kunnensa a toshe ninki biyu, sannan ka ja kunama.