Karatun auna ji da gyaran magana: ta ina ake shiga, kuma me bincike a Katsina yake buƙata?

'Yar Ƙofar Soro:
Assalamu alaikum. Ina da digirin farko a ilimin masu buƙata ta musamman, ina son ci gaba a fannin auna ji da gyaran magana. Wace hanya ake bi har a samu lasisin aiki a asibiti? Kuma idan zan yi bincike a kan jin yaran firamare a nan Katsina, me zan tanada? Ƙanena ma yana ajin ƙarshe na sakandare, yana sha'awar fannin.

Malamin Ji:
Wa'alaikumus salam, Malama. Sana'a biyu ce da ake koyarwa kusa da juna. Mai auna ji aikinsa daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa: gwaji, saita na'urar ƙara ji, bin diddigin yaron da aka sa wa. Mai gyaran magana kuma yana kula da in'ina, yaron da ya yi jinkirin magana, wanda aka haifa da tsagaggen leɓe ko ganda, da dattijon da magana ko haɗiya ta gagare shi bayan shanyewar ɓarin jiki.

Sashen ilimi na musamman na Jami'ar Ibadan ya daɗe yana ba da digiri na biyu a fannin, kuma mai irin digirinki ta nan ya fi sauƙin shiga. Lasisi kuwa ba a hannun jami'a yake ba, yana hannun MRTB, hukumar da ke rajistar masu irin waɗannan sana'o'i a Najeriya, wadda aka kafa a 1988. Kafin ki biya kuɗin makaranta ko ina ne, ki tabbatar hukumar ta amince da kwas ɗin, ki kuma tambayi awa nawa ɗalibi yake yi da marasa lafiya ƙarƙashin kulawar mai lasisi. Idan da hali, ki nemi izinin zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna ki ga aikin da idonki.

Ƙanenki ya nemi kiredit a Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji, ya duba kundin JAMB na shekarar. Ya riƙe fiziks da kyau. Wanda bai gane cewa ƙarin desibel 10 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) yana nufin ƙarfin sauti ya ninka sau goma ba, zai sha wahala.

Ɗan Kusugu, Daura:
Malama, a kan binciken, abin da ya fi kashe shi shi ne hayaniya. Ajin firamare da janareta a bayansa da babura a bakin titi zai sa rabin yara su faɗi gwaji alhali kunnensu lafiya lau. Ki nemi ɗaki mafi shiru, ki auna hayaniyarsa ki rubuta a rahotonki. Ki tantance a 1000, 2000 da 4000 Hz (Hz shi ne ma'aunin kaifi ko kaurin sauti), a desibel 20 ko 25. Hayaniya ta fi cinye 500 Hz, shi ya sa ba a gwada shi a makaranta.

Kada ki sa wa yaro abin saurare sai kin leƙa kunnen da fitila. Datti da ya toshe, ko mugunya, ko hudajjen dodon kunne, kowanne yana sauya sakamako. Wanda ya faɗi, a kai shi cikakken gwaji daga 250 zuwa 8000 Hz: ya ji, a rage desibel 10, bai ji ba, a ƙara 5, har a samu mafi ƙanƙantar sautin da yake amsawa. Sai a gwada ta ƙashin bayan kunne. Ta ƙashi yana ji, ta iska, wato ta abin saurare, ba ya ji, matsalar tana kunnen waje ko na tsakiya, kuma sau da yawa tana warkuwa. Duka biyun sun yi ƙasa, to ta ciki ce. Idan tazarar kunne biyu ta kai desibel 40, dole a cika kunne mai lafiyar da ƙarar shuuu, in ba haka ba shi zai riƙa amsawa a madadin ɗan'uwansa.

Lokaci ma abin lura ne. Da hunturu mura tana tara ruwa a bayan dodon kunne, don haka a sake gwada wanda ya faɗi bayan 'yan makonni. A takardar tambayar iyaye kada sanƙarau ya ɓace, domin muna cikin yankinsa, kuma yana iya sa katantanwar kunne, wato gaɓar ji ta can ciki, ta zama ƙashi cikin watanni. Ki haɗa da ƙyanda, hangum, shawarar jarirai, allurar jentamaisin, da ko yaron yana zama kusa da injin niƙa.

Yawan yara: idan ba ki da adadin masu matsalar daga wani bincike na baya, lissafin da aka saba yana ba da yara 384, sai ki ƙara tunda makaranta-makaranta za ki ɗauka. Makarantun kuma da ƙuri'a, ba na unguwarku kawai ba.

Hajiya Mai Gyaran Magana:
'Yata, duk abin da malaman nan suka faɗa haka yake, amma ni inda ya fi damuna daban ne. Yawancin gwaje-gwajen magana da ɗalibanmu suke koya an gina su ne a kan yaran Ingila da Amurka. Ba su san ɓ, ɗ, ƙ da ts ba, ba su san ra iri biyu da muke da su ba, ba ruwansu da tsawon wasali ko hawa da saukar murya, waɗanda a Hausa suke sauya ma'ana. Yaron Katsina da ya ce "hwari" maimakon "fari" karin harshen gidansu yake yi. Wanda bai sani ba sai ya rubuta masa lalura.

Don haka bincike mai amfani shi ne a gano a wace shekara yaranmu suke iya furta kowane baƙi. Ki haɗa hotunan abubuwan da yaro ya sani, ƙwarya, ɓera, tsintsiya, ɗanwake, ki raba yaran rukuni-rukuni da tazarar wata shida. Ki naɗi murya da rikoda a tsarin WAV, wanda ba ya matse sauti, ban da saƙon murya na WhatsApp, don yana matse sauti. Manhajar Praat kyauta ce, za ta nuna miki sautin a zane. Mutum biyu su rubuta abin da suka ji, kowa shi kaɗai, sannan a kwatanta.

Kafin komai, amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, izinin hukumar ilimin firamare, da yardar iyaye cikin Hausa. Kuma ki shirya inda za ki tura yaron da kika gano ba ya ji. Bai kamata ki ɗauki lamba ki bar uwa da fargaba ba.

'Yar Ƙofar Soro:
Allah ya saka da alheri. Odiyomita, wato na'urar auna ji, tana da tsada, manhajar waya za ta wadatar?

Ɗan Kusugu, Daura:
Don tantancewa za ta yi, muddin wayar da abin saurarenta an daidaita su tare da na'urar awo. Kika sauya abin sauraren, lambobin sun tashi aiki. Wanda ya faɗi kuma sai odiyomita, wadda ita ma ake daidaitawa duk shekara. Ki nemi takardar daidaitawar, ki sa kwanan watanta a babi na uku na kundin bincikenki.