Bishiyar redwood: tsawo ya wuce mita 100, saiwa ba zurfi, yaya take tsayuwa?

Ɗalibin Gandun Daji:
Assalamu alaikum, malamai. Bishiyar redwood ta gaɓar tekun Kalifoniya kan wuce mita 100, amma an ce saiwarta ba zurfi, kuma daga Yuni zuwa Satumba da ƙyar ake samun ruwan sama a can. Me ke riƙe ta, me kuma take sha?

Malamin Tsirrai:
Wa alaikumus salam. Haka ne, babbar redwood ba ta da uwar saiwa mai nutsawa ƙasa. Zurfin saiwoyin mita 2 ne zuwa 4, sai dai suna bazuwa gefe har kusan mita 30, su sarƙe da na maƙwabta. Kowace na riƙe da 'yar uwarta ke nan, shi ya sa idan aka sare na kewaye, iska ta fi saurin kayar da wadda ta rage.

Idan ambaliya ta jibge laka a gindinta, sai ta fitar da sabon sahun saiwoyi daga sashen da ya binne. Abin da ke cutar ta shi ne tattaka ƙasar gindin, don ƙananan saiwoyin da ke zuƙar ruwa a sama-sama suke. Wata redwood mai suna Hyperion, wadda aka gano a 2006, mai tsawon kusan mita 116, a 2022 aka hana zuwa wurinta saboda ɓarnar sawun masu kallo.

Malama Mai Nazarin Yanayi:
Batun sha kuwa, hazo ne. Ba irin namu na hunturu mai ƙura ba, wannan danshi ne zalla da ke tasowa daga ruwan sanyin tekun Fasifik. Yakan taru a kan ganye, ya zama ɗigo, ya riƙa ɗiga a gindi kamar yayyafi, ganyen ma na shan wani kai tsaye. A wasu dazuzzukan hazon kan ba da kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara. Shi ya sa asalin mazauninta siririn zirin ƙasa ne kawai, daga yankin Big Sur na Kalifoniya zuwa kudancin jihar Oregon. Inda iska ke da zafi da bushewa, kan bishiyar ne ke fara mutuwa, don can ne ruwa ya fi wahalar isa.

Tsohon Ma'aikacin Daji:
Ƙanena, ga kuma batun wuta. Kaurin ɓawon tsohuwar bishiya kan kai santimita 30, kuma ba shi da ƙaro mai saurin kamawa. Gobarar 2020 ta cinye kusan dukkan dajin Big Basin da ke Kalifoniya, amma yawancin manyan suka rayu, toho kore ya fito a jikin kututturan da suka yi baƙi ƙirin. A gindi akwai ƙullutu cike da idanun toho. Uwar na faɗuwa sai 'ya'ya su tashi su yi zobe, suna sha da tsohuwar saiwarta. Iri kam ba abin dogaro ba ne: yawancinsa fanko ne, wanda ya tsiro kuma fumfuna kan kashe shi a ruɓaɓɓen ganye, sai in ya faɗa kan sabuwar laka ko ƙasar da wuta ta share.