Masu ba da aron littafi, ku zo mu ji yadda kuka fara

Uwar ɗaki, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so duk wanda ba da aron littafi ya zame masa abin yi a rayuwa ya faɗa mana yadda ya fara da abin da ya gani a ciki. Ni tun ina amarya na fara, da akwatin ƙarfe ɗaya na littattafan Hausa da na zo da shi daga gidanmu. Matan layinmu ba sa fita, sai su aiko yara da kuɗin haya a ƙulle a bakin zani. A lokacin labari ɗaya yakan fito kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, kuma duk rigimar a kan na ukun take, don kowa na son ta ga ƙarshe. Da cinikin ya kankama sai maigidana ya riƙa saro min sababbi a kasuwar Sabon Gari. Shekarar 2007 da aka ƙona littattafan soyayya a Kano, mata da yawa sun daina aikowa don tsoron surutu, amma ban rufe ba. Na zauna na tace kayana, abin da ba zan ba 'yata ta karanta ba na cire shi. Abin da ya fi faranta min rai har yau shi ne mata biyu da suka bar makaranta tun firamare, da littattafan nan karatunsu ya miƙe, yanzu su ke duba wa 'ya'yansu aikin gida.

Malamin firamare, Zariya:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Ni kyauta nake bayarwa. Kanta ɗaya ce a zaure, yawanci tsofaffin bugun kamfanin buga littattafai na NNPC da na Gaskiya da na gada wajen mahaifina. Abokan gabata biyu ne, gara da damina. Duk littafin da ya shigo sai na sa masa bangon kwali, na ɗinke gindinsa da allura da zare, don gam kaɗai ba ya riƙe shi a hannun yara. Ina da rajista, yaro ya rubuta sunansa da na mahaifinsa da hannunsa. Sharaɗina ɗaya ne: in ka dawo da shi, za ka tsaya ka ba ni labarin abin da ka karanta kafin ka ɗauki wani. Wallahi nan na gane wa ya karanta, wa ya kalli hotuna kawai.

Ƙanwarku daga Maraɗi:
Mu nan kayan daga Kano suke zuwa mana, ta Katsina da Jibiya, a hannun direbobi. Da aka rufe iyaka a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, sabon littafi ya yi wuyar samu. Sai muka haɗa abin da kowa take da shi, mu mata na unguwa, muna zagayawa kamar adashi. Da Faransanci muka yi boko, saboda haka wasunmu da littattafan nan suka fara karanta Hausa a rubuce.

Marubuciya, Kaduna:
Ku gafarce ni, Hajiya, zan kawo wani ɓangaren. Aron littafin takarda bai taɓa cutar da mu ba, shi ma ya sa aka san mu. Amma yau tsadar takarda ta sa yawancinmu a waya muke sayarwa. Mace za ta kwana tana rubutu, ta biya kuɗin data, mutum ɗaya ya saya, kafin azahar ya watsa shi a rukunonin WhatsApp wai yana taimakon masu karatu. Littafin Hajiya in yana hannun wata, ba ya hannun kowa sai ta dawo da shi. Na waya kuwa in ya fita ya fita ke nan. Ina roƙon masu son raba karatu su raba wanda marubuciya ta saki kyauta, akwai su da yawa a manhajar karanta labarai ta Wattpad, na kuɗi kuma a nemi izininta.

Uwar ɗaki, Kano:
Gaskiyarki 'yata, haƙƙi ne, kuma ni ma 'yan matan gidan nan na hana su tura irin wannan.

Ɗalibi, Sakkwato:
Malam na Zariya, ranka ya daɗe, ina da tambaya. Mun fara irin taka a ɗakin kwananmu, amma littattafai suna fita ba sa dawowa, musamman lokacin hutu. Mu karɓi jingina ne?

Malamin firamare, Zariya:
Kada ka karɓi kuɗi, ɗana, wanda ba shi da shi ne zai fara gudu, kuma don shi aka buɗe. Ka ce duk mai son shiga ya kawo littafi ɗaya nasa ya ajiye a kantar. Sati biyu kafin hutu ka tsayar da aro, ka bi ɗaki-ɗaki da rajistarka ka karɓo.