Turbo da Hausa: katantanwa ko zugazugi?

Jama'a, ina neman masana harshe da makanikai, musamman na nan Gombe da Bauchi. Wata kalma ce ta gagare ni a gaban mahaifina, kuma ban yarda ta tafi a haka ba.

Autanmu yana aiki a Winifeg ta ƙasar Kanada, garin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifili a watan Janairu. Ranar Lahadi ya kira mu ta bidiyo don mu ga motar da ya saya, Subaru WRX. Abin da Baba ya fara hangowa wata waya ce da ta fito daga gaban motar, an jona ta a soket ɗin bango. Ya ce, "Auta, ta lantarki ce?" Ya ce, "A'a Baba, fetur take sha. Wayar nan injin take ɗumamawa kafin gari ya waye. Kun ga tana da turbo, ba a tayar da ita cikin sanyi a taka mata totur." Baba ya waiwayo ya ce da ni, "Kai da kake koyar da Hausa, mene ne turbo?" Na rasa ta cewa.

Washegari na nufi garejin wani maigidana a wajen Tashar Dukku. Ya jawo wani turbo da ya kwance daga motar dizal, ya goge da tsumma, ya ɗora min a hannu. Nauyinsa ya ba ni mamaki. Gida biyu ne a manne, kowanne a naɗe kamar katantanwa, da siririn ƙarfe guda ya ratsa su, kowane kai da 'yar farfela. Ya ce, "Malam, hayaƙin da zai fita ta salansa shi ke juya wannan. Ita kuma ta juya 'yar'uwarta, waccan ta zuƙo iska ta cusa wa inji. Iska ta ƙaru, man da zai ƙone ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru." Farfelar nan tana haura juyi 100,000 a minti ɗaya, kuma ƙarfen tsakiyar a kan ɗan siririn baƙin mai yake yawo. Wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi wa dabarar rajista tun 1905.

To, ga abin da na tattaro zuwa yanzu. A gareji "tobo" suke cewa, kuma ba na raina aro, don da aro muka samu salansa da lagireto da fulogi. Sai dai wasu na rubuta shi "tabo", ya je ya yi karo da tabon rauni, ga taɓo na damina a gefe. "Fankar inji" kuwa tana da mai ita, wadda ke bayan lagireto. "Ƙarin ƙarfi" ba suna ba ne, sakamako ne.

Maigidana katantanwa ya zaɓa, kuma na ji daɗinta ƙwarai. Ga siffa, ga juyi: duk wanda ya murza katantanwa a rairayi yana yaro ya san yadda take wulwulawa har ido ya daina ganin bakinta. Na kwana da ita a raina. Amma da na gwada ta a kan tambayar Baba sai ta gaza. In na ce "motar Auta tana da katantanwa", na faɗi kamannin abin, ban faɗi aikinsa ba.

Zugazugi shi ya faɗi aikin. Maƙeri ba gawayi yake ƙarawa ba in yana son ƙarfe ya yi ja, iska yake sa a zuga. Abin da turbo ke wa inji ke nan, ba ragi. Har ya ba mu hanyar raba shi da ɗan'uwansa da bel ke juyawa daga jikin inji: wancan zugazugin bel, wannan zugazugin hayaƙi. Motar da ke da guda biyu kuma, tagwayen zugazugai.

Da shi na yi wa Baba bayanin sanyin. Iska mai sanyi ta fi ta zafi cunkushewa, don haka kowace zuga ta fi kawo abin da wuta ke ci, shi ya sa irin motar nan kan fi ja a sanyi. Matsalar tana wajen mai. Na ce, "Baba, kun ga yadda man ja ke daskarewa a kwalba da hunturunmu, wanda ko ruwa ba ya ƙanƙarar da shi? To can baƙin mai haka yake yin kauri, sai ya ɗau lokaci kafin ya isa ƙarfen zugazugin. In aka matsa masa kafin nan, a bushe zai yi ta juyi ya cinye kansa." Dalilin wayar bango ke nan, da man da ake rubuta wa 0W, wanda ya fi saurin gudana cikin sanyi, da tafiya a hankali har inji ya ɗau ɗumi.

Ni dai na tsaya a kan zugazugin hayaƙi a rubutu da aji, a gajarce zugazugi. Makanikan Bauchi, in kuna da wani suna da kuke kiransa da shi, ku kawo mu auna. Akwai kuma wadda har yanzu ban samo ba: ɗan jinkirin nan tsakanin taka totur da lokacin da zugazugin zai kama.

Jiya da daddare na ji Baba yana waya daga ɗakinsa: "Auta, kada ka matsa wa zugazugin nan sai mai ya zagaya, ka ji ko?"