Muhawara: Lantarki Ne Ya Kashe Irin Su Golf GTI?

Ɗanjuma Bakanike: Salamu alaikum jama'a. Magana zan faɗa, wanda bai yarda ba ya fito. Guntayen motocin nan masu yankakken baya da zafin gudu, irin su Golf GTI ta kamfanin Volkswagen, zamaninsu ya ƙare, kuma lantarki ne ya kashe su. Ford ta daina ƙera Fiesta a 2023, ST ɗinta, wato samfurinta mai zafin gudu, ta bi ta. A shekarar dai Renault ta rufe Mégane RS. Hyundai ta janye i20 N da i30 N daga Turai a 2024. Ford Focus ta bi sahu a 2025. Honda ma ta ce Civic Type R za ta bar kasuwar Turai a 2026. Motocin lantarkin da ake kawowa a madadinsu ba magada ba ne, suna kawai aka liƙa musu.

Injiniya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam Ɗanjuma, ka lissafo waɗanda suka tafi, ka tsallake waɗanda suka zo. Hyundai ɗin da ka ce ta janye i30 N, ita ce ta fitar da Ioniq 5 N ta lantarki, mai ƙarfin doki 650, daga tsaye zuwa gudun kilomita 100 cikin daƙiƙa 3.4. Wace GTI ce ta taɓa yin haka?

Ɗanjuma Bakanike: Faɗi nauyinta kuma, Injiniya. Kilo 2,200. Golf GTI ta farko da ta fito a 1976 kilo 810 ce, da doki 110. Kusan uku za ki ɗora a sikeli kafin su tashi wannan ɗayar. Wanda ya san mota ba daƙiƙa yake ƙirgawa ba. Abin da ake so shi ne ka shiga kwana, ka sauke giya, ka ji motar ta juya da kai tun kafin ka gama murza sitiyari. Nauyi ba ya ɓuya a kwana, kuma ba ya ɓuya wa birki da taya.

Baba Direba: Ɗanjuma ya yi gaskiya a nan. Ni ban taɓa riƙe GTI ba, amma na ja ƙanwarta, Golf 3, tsakanin Kaduna da Zariya shekaru masu yawa kafin in dawo Ikko. Mutum shida da kaya a but, amma in ka taka totur sai ta amsa. Ba don injin na da girma ba, don jikin ba shi da nauyi. Kuma duk garin da ta tsaya maka, akwai yaron da zai buɗe ta.

Alhaji Mai Tokumbo: Ku duka kun bar ɓarawon kuna dukan mai gadi. Ni da nake zaune Berger, kasuwar motocin tokumbo a Legas, ina ganin abin da mutane ke zuwa nema. Mutum ya riƙo kuɗinsa, manyan motoci yake tambaya, Highlander ko RX 350 ko Venza. In ka nuna masa guntuwar mota, ko da ta fi su gudu sau biyu, sai ya ce ai wannan ta 'yan makaranta ce. Turawan ma haka suka koma. Fiesta ba don ST aka daina ta ba, masana'antar Ford da ke birnin Kolon na Jamus aka juya ta koma ƙera manyan motocin lantarki, ga Puma kuma, ƙaramar jif ɗin Ford, tana cin kasuwar da Fiesta ke ci da. In uwar ta tafi, mai zafin ba ta da inda za ta tsaya, tunda a jikin ta talakawa ake gina ta.

Ɗanjuma Bakanike: To ai ka dawo kan maganata, Alhaji. Don lantarki aka juya masana'antar.

Injiniya Rabi: Ba ɗaya ba ne. Alhaji cewa yake mai saye ne ya canza. Sannan akwai doka. A Tarayyar Turai ana haɗa hayaƙin duk motocin da kamfani ya sayar a shekara, a fitar da matsakaici. In ya haura iyaka, tarar Yuro 95 ce a kan kowane giram ɗaya, a ninka da adadin motocin da ya sayar. Ka ga ƙaramar mota mai turbo, na'urar ƙara wa inji ƙarfi, wadda ribarta ba ta taka kara ta karya ba, tana jawo wa kamfani tara. Babbar mota mai tsada tana iya haɗiye wannan kuɗin a farashinta, ƙarama ba ta iyawa. Faransa kuma ta ƙara nata harajin hayaƙi a kan mai saye, wanda ƙololuwarsa ta kai Yuro 60,000 a 2024. Ko babu batir ko ɗaya a duniya, wannan lissafin ya isa ya kori irin su Mégane RS.

Ɗanjuma Bakanike: Dokar kuma don wa aka yi ta? Su suka zartar a 2023 cewa daga 2035 ba sabuwar mota mai hayaƙi.

Injiniya Rabi: Kuma su ne a ƙarshen 2025 suka kawo shawarar sassautawa. Amma bari in dawo kan nauyi, don can ne ka fi kafewa. Na yarda Ioniq 5 N ƙatuwa ce, ko ni ba zan kira ta guntuwar mota ba. Ɗauki Alpine A290 ta lantarki, wadda aka gina a kan sabuwar Renault 5. Doki 220, batir mai kilowat-awa 52, wato yunit 52 na wuta, nauyi kusan kilo 1,480. Yanzu je ka duba Golf GTI ta yau, ba ta 1976 ba. Ta haura kilo 1,400. Ina tazarar da kake magana? Motar da kake yi wa kuka ta daɗe da yin ƙiba tun kafin lantarki ya shigo, da jakar iska da ƙarafan kariya da esi da kwamfutoci. Giyar hannun ma da kake cewa a sauke a kwana, Volkswagen ta cire ta daga GTI a gyaran 2024. Otomatik kaɗai ake sayarwa yanzu, kuma injin fetur ne a ciki.

Ɗan Auta: Anti Rabi kin gama da Oga 😂

Ɗanjuma Bakanike: Kai yi shiru, kai da ko fulogi ba ka iya kwancewa ba. Injiniya, ki amsa min abu ɗaya. In sun yarda da abin da suka ƙera, me ya sa suke sa masa ƙarar ƙarya? Abarth 500e lasifika aka ɗaura mata a ƙarƙashi tana kwaikwayon salansa. Ioniq 5 N kuma har canjin giyar ƙarya aka yi mata, kwamfuta na fizgar motar kamar akwai giya takwas, alhali babu. Su da kansu sun san an rasa wani abu.

Injiniya Rabi: Na Abarth ɗin ban kare shi ba, abin dariya ne. Amma ka sani GTI ɗinka ta fetur ma tun shekarun baya akwai ɗan na'urar da aka sa kusa da gilashin gaba don ƙara wa direba gurnanin inji. Ba a lantarki aka fara wannan wayon ba.

Ɗan Auta: Ni dai tambayata, a Legas ina za a ci moriyar kwanar da ake ta faɗa? Daga Mile 12 zuwa Ojota ƙafarka na kan kuloci har cinya ta sage. Abin da ke amfani a nan shi ne in rata ta buɗe tsakanin danfo biyu, ka taka, motar ta shige nan take. A wannan lantarki ba shi da abokin karawa, ba jiran turbo ba jiran giya. Sai dai gadar Third Mainland da asubar Lahadi.

Baba Direba: Ɗan nan, ka kiyayi gadar nan. Kusan kilomita 12 ce a kan ruwa, ba filin tsere ba ce. Iyayenka a Funtuwa ba don haka suka turo ka ba.

Ɗan Auta: Wasa nake, Baba.

Ɗanjuma Bakanike: Bari in zo inda abin ya fi ci mini rai, don ni a gareji nake kwana nake tashi. GTI mai shekara 15 in ta shigo wurina na san ciwonta tun kafin mai ita ya buɗe baki. Ko famfon ruwa ya fara yoyo, ko sarƙar taimin ta saki, ko ƙwaƙwalwar giyar DSG, otomatik ɗin Volkswagen, ta rikice. In aika yaro Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota, kafin la'asar ya dawo da na Beljiyam, washegari mota na kan titi. Wannan shi ya sa ɗan talaka ke iya hawa motar da mai kuɗin Jamus ya gama yayinta. To ku kawo mini mai batir bayan shekara 15. Wuta ce ta bolt 400, wasu 800. Ba abin da za ka sa sufana ka ce bari in gwada ba ne, in ka yi kuskure sai dai a yi maka salla. Ga batir ɗin shimfiɗe a ƙarƙashin mota, motar kuma a ƙasa take don gudu. Ku tuna ramukan Apapa da tudun rage gudu na cikin unguwa. Ku tuna Lekki da damina.

Injiniya Rabi: Maganar rami na karɓa, wannan matsala ce ta gaske. Ta ruwa kuma ka juya ta. Batir a rufe yake ruf. Injin fetur ne ke shaƙar iska, in ya shaƙi ruwa ya lanƙwasa konrod, sandar da ke riƙe da fistan, kuma kai ka fi kowa sanin nawa ake jawo maka duk watan Yuli. Sannan duk abin da ka lissafa, sarƙar taimin da giyar DSG da sauransu, babu su a mai lantarki. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Ko dai wannan ne ke damunka, Malam? 😄

Ɗanjuma Bakanike: Ko da shi ne, ai ban ɓoye ba. Iyali nake ciyarwa.

Alhaji Mai Tokumbo: A yi lissafin caji mu ji, Hajiya, tunda ke ce mai biro.

Injiniya Rabi: Ranka ya daɗe, mai sauƙi ne. Wutar Band A, rukunin masu samun wuta mafi tsawon lokaci, ta tashi zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, daga baya aka ɗan rage. Ka ninka da 52, bai kai naira 12,000 ba, ka cika A290, kuma kilomita 300 ba za ta gagare ta ba. GTI a tafiya irin wannan sai ta sha lita 24 ko fiye, in da goslo ma ba a magana. Ka ninka da kuɗin lita tun bayan cire tallafi a 2023, ka faɗa mini.

Baba Direba: 'Yata, wannan lissafin masu gida da get ne. Mu a Agege ɗaki ɗaya muke haya, mota a bakin titi take kwana, mitar kuma ta gidan gaba ɗaya ce. In na ja waya ta taga, mai gida zai tara mini maƙwabta. Sannan in salla ta zo, daga nan zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne. In ka wuce Ilori ka nufi Jebba da Mokwa, ina za ka tsaya ka cika?

Injiniya Rabi: Baba, wannan ba ni da amsarsa yau. Amma wanda zai sayi mota don nishaɗi, yawanci yana da ta zuwa gida daban.

Ɗanjuma Bakanike: Yauwa! Nan ne aka kashe ta. Asalin GTI mota ɗaya ce mai yin komai. Ka kai yara makaranta, ka ɗauko buhun shinkafa, ka je gida salla, in titi ya buɗe kuma ka huce haushi. Da zarar kin ce sai an haɗa ta da wata motar, to ba ita ba ce.

Injiniya Rabi: A Legas ke nan. A Oslo, babban birnin Norway, inda wurin caji ya wadata, mota ɗayar ce.

Alhaji Mai Tokumbo: Ni abin da na hango daban ne da naku. Mu ragowar wasu muke hawa. Abin da aka ƙera yau, bayan shekara 10 yake sauka tashar jirgin ruwa ta Tin Can. Don haka tambayar ita ce daga ina kayanmu ke zuwa. Ta ɓangaren Turai kam ƙofa na rufewa, kuma na ƙarshe-ƙarshen masu giyar hannu ba za su iso mu da araha ba, masu su za su rufe su a gareji suna jiran su yi daraja. Amma yawancin kayanmu yanzu daga Amurka muke ɗaukowa, kuma can har yanzu ana sayar da GTI da Golf R da Type R. Toyota ma a tsakiyar wannan hayaniyar ta fitar da GR Yaris a 2020, sannan GR Corolla mai doki 300, silinda uku, giyar hannu. Ɗanjuma, ba za ka rasa aiki nan kusa ba. Abin da ba ku ambata ba shi ne Caina. MG4 XPower ta lantarki, doki 435, ta fito da farashin da bai kai na Golf R ba. In asalin abin shi ne gudu mai yawa a kuɗi kaɗan, to su ne suka ɗauki tutar, ba Jamusawa ba.

Ɗanjuma Bakanike: Gudu a miƙe. Kai ta kwana ka gani.

Alhaji Mai Tokumbo: Mai sayena ba ya tambayar kwana. Abin da ke hana ni barci shi ne yadda zan sa wa tsohuwar mai lantarki kuɗi. Inji ina tayar da shi, in saurara, in duba hayaƙi, in zaro sandar mai. Batir mai shekara 10 fa? Daga waje duk ɗaya suke, wanda ya rage da ƙarfi da wanda ya kusa mutuwa, kuma shi ne mafi tsada a jikin motar.

Injiniya Rabi: Akwai na'urar da ake jonawa, ta karanto maka kashi nawa cikin 100 ya rage na lafiyarsa. Kamfanoni da yawa ma garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 suke bayarwa a kan batir.

Ɗanjuma Bakanike: Garantin ya ƙare tun motar ba ta hau jirgi ba. Na'urar kuma abin da kwamfutar motar ta faɗa mata shi za ta nuna. Motar da ta yi kilomita 300,000 ake mayar da ita 90,000 kafin ta iso kasuwa, Alhaji shaida ne. Waɗanda suka iya wannan, kina ganin lambar batir za ta gagare su?

Alhaji Mai Tokumbo: Ni dai ba a shagona ba.