Mercedes ML350 ta 2006 zuwa 2011: me ke fara lalacewa idan ta kwana biyu?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata a kan ML350 ce ta hannu, wadda ake kira W164, mai injin fetur V6 lita 3.5. Waɗanda suka riƙe ta da waɗanda ke gyara ta, don Allah ku faɗa mana inda take ciwo da abin da ya kamata mai saye ya duba kafin ya biya kuɗi.

Mai Sufana:
Wa alaikumus salam, Baban Hanifa. Kafin ka kalli fenti ko kujeru, nemi lambar injin. Sunan injin M272, kuma na farko-farkonsa suna da aibi guda babba. A cikinsa akwai sandar da ke rage girgiza, wadda muke kira balans shaf, a kanta akwai ƙaramin giya da sarƙar taimin ke bi. Ƙarfen giyan nan bai yi ƙwari ba, haƙoransa suna cinyewa, sarƙa ta yi sako-sako, taimin ya goce. Alamar farko ita ce fitilar injin ta kama, idan aka sa kwamfuta ta nuna P0016 ko P0017. Daga baya ka fara jin ƙarar sarƙa idan an tayar da ita da sanyi.

Giyan kansa ba wani abu ba ne, aikin ne jidali, domin sai an sauke injin gaba ɗaya. An gyara matsalar a masana'anta bayan injin mai lambar da ta ƙare da 468993. Idan lambobi shida na ƙarshe sun haura haka, ka tsira daga wannan. Idan ba su kai ba, a nuna maka takardar cewa an yi aikin, in babu ka ɗauka yana jiranka. Amma a kula, ƙananan maganaɗisun kamshaf da ke gaban injin su ma suna sa kwamfuta ta nuna P0016 ko P0017. Su ake fara canjawa, in lambar ta dawo to giyan ne.

Sai manifol na shan iska. Akwai ɗan hannu na roba da ke buɗe fuka-fukan ciki, zafi da dattin mai suna sa ya karye. Mota ta rage ƙarfi, ta nuna P2004 ko P2006. Akwai hannun ƙarfe da ake sawa a madadinsa, sai dai idan fuka-fukan kansu sun yi lakwab-lakwab, a canja manifol ɗin kawai, kada gutsure ya faɗa cikin silinda.

Injiniya Rewaya:
Malam Mai Sufana ya gama da injin, bari in ɗora da giyabos. Mai giya bakwai ce, lambarta 722.9. Ƙarfenta na da juriya, wutar cikinta ce ke ba da wahala. Akwai allon lantarki a kan balbodi, wato sashen da ke rarraba mai a cikin giyabos, allon ne ke ɗauke da ƙwaƙwalwar giyabos da na'urorin auna gudu. Idan ɗaya daga na'urorin ta mutu, mota ta maƙale a giya guda, ka kashe ka kunna ta saki, ta yi zafi ta sake maƙalewa. Mutane da yawa suna sauke giyabos lafiyayya a kan wannan. Ba a ɗauko allon wata mota a dasa kai tsaye, sai an haɗa shi da motar ta kwamfuta, shi ya sa gyara na ainihin ya fi sauƙi.

Man giyabos a canja shi da matatarsa wajen kowane kilomita 60,000. Man na farko-farkon ja ne mai lamba 236.14, giyabos ɗin da aka ƙera daga tsakiyar 2010 shuɗi suke sha, 236.15, kuma ba a gauraya su. Ba ta da sandar auna mai. Ta ƙasa ake ɗura shi da famfo, a daidaita shi yana kan zafin digiri 45 na ma'aunin Celsius. Kusoshin kaskon guda shida na alminiyom ne, sau ɗaya ake ɗaure su.

Hajiya Mai Jif:
Ni abin da zan ƙara shi ne ruwa. Ku buɗe murfin gefen dama a cikin but, ku sa hannu ku ji ko akwai danshi. Robar fitilun baya tana bushewa, ruwa ya biyo ya sauka kan akwatin da ke sarrafa wutar baya. Sai ka ga fitila na kamawa da kanta, waifa ta baya ta ƙi tsayawa, allurar mai ta yi ƙarya, batir ya ƙare cikin dare. A canja robar tun ruwa bai kai ga akwatin ba. Batir ɗin ma yana ƙarƙashin kujerar mai zaman banza, kuma motar ba ta jure batir mai rauni, nan da nan za ta cika dashbod da saƙonnin da ba su da tushe.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai, Hajiya. To mai balan-balan ɗin iska a ƙafa a madadin sifirin fa? Wasu sun ce a guje ta.

Mai Sufana:
Ni ban ce a guje ta ba, ranka ya daɗe, a gwada ta dai. A auna tsayin kowace kusurwa da yamma, a sake aunawa da safe. Wadda ta zauna, balan-balan ɗinta na yoyo, ruwan sabulu zai nuna wurin. Idan aka bar shi, kwamfuresa ta yi ta aiki ba hutu har ta ƙone. Duk wanda zai canja kwamfuresa ya canja rile ɗinta tare, domin rilen da ya manne shi ke ƙona sabuwa.

Injiniya Rewaya:
Nan na ɗan saɓa da kai, Malam. Motar da ta haura shekara goma sha biyar, idan balan-balan ɗaya ya tafi sauran na kan hanya. Wanda ba zai iya canja su bibbiyu ba, ya nemi mai sifirin na ƙarfe tun farko.

Abu biyu kuma. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya, in ba haka ba sarƙar akwatin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya tana miƙewa, ka ji tana ƙas-ƙas idan ka taka da ƙarfi. Sannan a 2022 kamfanin ya yi kiranyen motocinsa samfurin ML da GL da R saboda tsatsa a bustar birki. A duba da lambar shasi ko an kai wannan motar.

Mai Sufana:
Na manta baƙin mai. Wajen lita 8 take ɗauka, mai lamba 229.5. Idan ka ga jiƙa a bayan injin, fara duba murafen roba da ke bayan kan silinda, kafin wani ya ce maka sil ɗin kiranshaf ne a sauke giyabos.