Injin jirgin sama ya kama wuta ana tashi: a kashe shi nan take ko a dakata?

Injiniya: Ni dai ra'ayina, da ƙararrawar gobara ta kaɗa a kashe injin kawai. Tankin mai yana cikin fiffike, injin kuma a ƙarƙashinsa yake rataye. Jiran me ake yi?

Kyaftin: Injiniya, a ƙa'ida ba a taɓa injin sai jirgi ya haura ƙafa 400 daga ƙasa. In an wuce gudun V1, wato iyakar gudun da za a iya fasa tashi a tsaya a kan titi, babu fasawa, tashi za a yi. Lafiyayyen injin zai karkatar da hancin jirgin zuwa ɓangaren mataccen, sai ka taka fedar wutsiya ka miƙar da shi, ka naɗe tayoyi, ka riƙe gudun V2, wato gudun da jirgi zai iya hawa lafiya da inji ɗaya. Ba a ba babban jirgin fasinja mai inji biyu lasisi sai an tabbatar zai iya hawa da guda ɗaya, aƙalla hawan ƙafa 2.4 a kowace ƙafa 100 da ya yi gaba. Hawan kaɗan ne, shi ya sa hankalin matuƙi bai kamata ya rabu biyu ba.

Injiniya: Yallaɓai, wuta fa ba ta san ƙa'ida ba.

Malamar Tuƙi: Malam, ai ku kuka san akwai katangar ƙarfe tsakanin inji da fiffike, wadda aka gwada ta jure wuta minti 15. Kaiwa ƙafa 400 kuwa 'yan daƙiƙoƙi ne. Abin tsoro shi ne kashe injin da ba shi ne ba. A Kegworth ta Ingila, 1989, injin hagu na Boeing 737 ne ya lalace, matuƙan suka kashe na dama, mutum 47 suka rasu. A Taipei ta Taiwan ma, 2015, haka ta faru da jirgin ATR 72 na kamfanin TransAsia, aka rasa 43. Don haka kafin a ja totur baya, a rufe mai, a ja hannun gobara, sai matuƙi ɗaya ya ɗora hannu, ɗayan ya duba ya ce na tabbatar. Sannan a fasa kwalbar sinadarin kashe wuta ta farko a cikin injin. In wutar ba ta mutu ba bayan daƙiƙa 30, a fasa ta biyu.

Injiniya: Wannan na yarda, Malama. Amma in kwalba biyun sun ƙare wuta na ci?

Kyaftin: To nan kam ina bayanka. A sanar da hasumiya Mayday, wato kiran neman agajin gaggawa, a juyo a sauka ko da jirgin ya fi nauyin sauka. Jiragen Boeing 737 da Airbus A320 ba su da hanyar zubar da mai a sama, kuma ba a shawagin ƙona mai da gobara a jiki. Sai dai birki zai yi zafi ƙwarai.

Injiniya: Tayoyin suna da toshiyar da ke narkewa ta saki iska kafin su fashe. A dai gaya wa 'yan kwana-kwana su tunkare su ta gaba ko ta baya, kada su bi ta gefe.